Kunnen da Na Hana a Taɓa

Na daɗe ina kewaye wannan babi. Na rubuta muku ƙuruciyata a Maradun, na rubuta aurena da zuwana Mafara, duk alƙalami bai yi mini gardama ba sai da na iso nan. Akwai wata magana da kuka tashi da ita a gidan nan, ku shida, wadda yawan maimaitawa ya mai da ita kamar gaskiya: wai mahaifinku ne ya hana a yi mini aikin kunne, don girman kai, don kada a ce yayan matarsa ya ɗauki nauyin da shi ya kasa ɗauka. Ba haka aka yi ba. Ni na hana. Bakinsa na ara na ci albasa, shi kuma ya zauna da warin har ya koma ga Ubangijinsa.

Ku fara sanin cewa tun ina 'yar shekara biyar da kunne ɗaya nake rayuwa. Baƙon dauro ya shiga unguwarmu ya kwantar da yara da yawa. Na tashi, amma kunnen dama bai tashi tare da ni ba. Mahaifina, wanda malami ne, shi ya fara lura, don ya ga kullum ina karkata kai idan yana biya mana karatu. Sai ya mai da wurin zamana a damansa, inda kunnena na hagu zai fuskanci bakinsa. Haka na girma, ina zaɓen gefen zama da gefen tafiya ba tare da na yi tunani ba, har mutane da yawa ba su taɓa sanin ina da wata tawaya ba. Da mahaifina ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Yaya Alhaji, wanda kuke kira Kawu na Maradun, shi ya riƙe ni. Shi ya ciyar da ni, shi ya bar ni na ci gaba da karatu, shi ya aurar da ni ga mahaifinku bayan ya tambaye ni ko ina so. Ku riƙe wannan, don sai da shi za ku gane abin da na yi daga baya.

A shekarar da nake ba ku labari ina da shekara arba'in da 'yan kai. Mahaifinku yana noman shinkafa da albasa a gonarsa ta Bakolori, ni kuma ina gumin shinkafa a tsakar gida. Nakan jiƙa shanshera, shinkafar da ba a cashe ba, ta kwana, in turara ta a rabin duro bisa murhu, in shanya, a kai inji. Ni da maƙwabciyata Tumba muke yi, duro uku, kuma shinkafata ba ta kwana a kasuwar Talata, don ba ta da tsakuwa kuma ba ta karyewa. Ina alfahari da wannan sana'a, ba zan ɓoye muku ba. Ɗan farina, wanda kunya ba ta barina in kira sunansa, shi ne nake ce wa Magaji, yana da shekara ashirin da biyu, yana karatu a gaba da sakandare. Auta kuma, Luba, ba ta cika uku ba, bakinta yana buɗewa ke nan.

Abin ya fara ne da ƙara. Wata safiya na tashi na ji kunnen hagu ya cika, kamar na yi wanka ruwa ya shige, da wani kuka a ciki irin na injin niƙa daga nesa. Na ce sanyi ne. Bayan kwana uku ina tsakiyar tsince shinkafa sai katangar gida ta tashi ta fara tafiya. Na rufe ido, abin ya ƙaru. Na kwanta a ƙasa na riƙe turmi, turmin ma yana juyawa da ni. Na yi amai har ba abin da ya rage. Tun hantsi har la'asar ina nan, ba na iya ɗaga kai, sannan ƙasa ta tsaya a hankali, ta bar ni kamar wadda aka yi wa duka. Washegari na warware sarai, har na ɗora duro. Bayan sati biyu ya dawo. Daga nan ya zama baƙon da ba ya sallama.

Kowa ya kawo nasa. Wasu suka ce hawan jini ne, aka auna, ba shi ba ne. Wasu suka ce ciwon shawara ne, na sha sassaƙe har bakina ya mutu. Tumba ta ce iska ce, na taka wani abu a bakin ruwa. Daga Maradun aka aiko da rubutu na sha, da addu'o'in da har yau ban bar su ba. Wata tsohuwa ta ɗiga mini man shanu mai ɗumi a kunne. Abin da ya tsorata ni ba jirin ba ne. Na lura duk lokacin da ya zo ya tafi, sai ya tafi da wani abu daga jina. Muryoyin maza suka fara yi mini kamar ana magana a cikin tulu. Wani lokaci jin ya dawo bayan kwana biyu, wani lokaci ya dawo da giɓi. Ranar da aka kira sallar azahar a masallacin unguwa ban ji ba sai da na ga mahaifinku yana alwala, ranar na ce masa ya kai ni asibiti.

Daga asibitin Mafara aka tura mu wurin likitan kunne a Sakkwato. Dattijo ne, mai magana a hankali, kuma ya san ya zauna a haguna tun kafin in roƙa. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki aka ɗora mini abu a kunne, aka ce duk lokacin da na ji ƙara in ɗaga hannu. Bayan ya duba takardar sai ya yi mana bayani. Ya ce can ciki, bayan dodon kunne, a cikin ƙashi, akwai wasu 'yan ɗakuna maƙwabtan juna masu ruwa a ciki: ɗaya na ji ne, ɗaya kuma shi ke riƙe mutum kada ya faɗi. Ruwan ne yake yin yawa ya takura su duka biyu, shi ya sa jiri da raguwar ji suke zuwa tare. Ya ce ciwon ba ya kisa, amma kuma ba a san maganin da ke tumɓuke shi ba. Hanya biyu ce, in ji shi. Ta farko magani da kame baki: a rage gishiri ƙwarai, a bar goro da shayi mai ƙarfi, a riƙa shan ƙwaya mai rage ruwan jiki, da wata ta jiri. Wannan hanya ba ta taɓa ji, sai dai tana da jinkiri, kuma ba kowa take yi wa ba. Ta biyu tiyata, ita ma iri-iri ce. Akwai wadda ke kashe jirin gaba ɗaya, amma da kunnen take tafiya. Akwai wadda ake buɗe wa ruwan hanya a bar jin yadda yake, sai dai ba mai iya rantsuwa a kanta. Ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni.

"Hajiya, da kunnuwanki biyu ne, da maganar ta yi sauƙi. Ɗaya ne. Ni hannuna ba ya saurin zuwa ga wuƙa a kan kunne ɗaya. Mu fara da magani."

Muka dawo gida da ƙwayoyi da doka. Ba ku san yawan gishirin da ke cikin rayuwar mutum ba sai an hana shi. Ba gishiri sai ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka, ba dunƙule, ba kanwa, ba busasshen kifin da aka yi wa gishiri, ba yajin da nake so. Na riƙa ɗora tukunya biyu, babba taku, ƙarama tawa. Miyar kuka ta zama kamar ruwan wanke kwano. Na yi sati ina ci ina ɓata rai, sai wata rana mahaifinku ya ture kwanonsa ya jawo nawa. Na ce masa ba zai iya ba. Ya ce shi ma an ce masa gishiri ba ya yi wa masu shekarunsa kyau, wanda na san ba wanda ya ce masa haka. Tun daga ranar daga ƙaramar tukunya yake ci. Goron ma da ya saba tun yana saurayi sai ya daina cinsa a gida, ya koma yana ci a gona, ya kurkure baki kafin ya shigo, yana zaton ban sani ba.

Wata uku na farko abin ya yi sauƙi, har muka fara godiya. Da azumi ya zo likita ya mai da shan ƙwayar bayan buɗa-baki, na yi azumina cif, jiri bai sa na sha azumi ko ɗaya ba. Bayan sallah ya dawo da ƙarfinsa, sau biyu, wani lokaci sau uku a wata. Muka koma Sakkwato, aka yi mini allura ta cikin dodon kunne har sau uku, irin wadda likitan ya ce ba ta cutar da ji. Na samu hutun wata biyu. Duk zuwa sai an sa ni a ɗan ɗakin nan na ɗaga hannu, kuma ko da yake ba na iya karanta zanen da ke takardar, ina iya karanta fuskar mai riƙe da ita.

Sai ranar da na faɗi. Litinin ce, da hantsi, muna shirin kasuwa. A da jirin yakan yi mini gargaɗi, kunne ya cika, ƙarar ta ƙaru, in samu in zauna. Wannan karon babu komai. Ina tsaye bakin duro ina juya shinkafa, sai na ji kamar an ture ni daga baya da hannu biyu. Hankalina bai gushe ba, ina gani na faɗa kan duron ya kife, ruwan zafi da shinkafa suka bi hannuna na hagu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Tumba ta ja ni da zane daga bakin murhu. Luba tana wasa taku uku daga wurin, Allah Ya tsare, ruwan bai kai gare ta ba. Magaji yana gida hutu, shi ya ɗauke ni a hannunsa zuwa mota, shi ya ga yadda fatar ta bi tsumman da aka rufa mini. Tabon da kuke gani ke nan. Na sha tunanin cewa da wani ne ya ɗauke ni ranar ba shi ba, da abin da ya biyo baya bai yi zafi haka ba.

Yaya Alhaji ya zo daga Maradun a ranar. Ya dubi hannuna, ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Ya ce wasa ya ƙare, ya ji labarin wani likita a Kano da ke irin wannan aiki, kuma duk abin da za a kashe a wuyansa yake. Da ƙunar ta kama warkewa ya sa mu a motarsa, ni da shi da mahaifinku. Likitan Kano bai kai na Sakkwato shekaru ba, amma shi ma mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce irin wannan faɗuwa ta ba-zata ita ce abin tsoro, kuma tunda magani ya yi shekara bai riƙe ba, ana iya yin aikin nan na buɗe wa ruwa hanya. Ya ce mafi yawan waɗanda aka yi wa sukan samu sauƙin jiri, kuma mafi yawa jinsu yakan zauna yadda yake. Wasu jirin yakan dawo musu. Kaɗan kuma sukan farka ba su ji da kunnen. Yaya Alhaji yana ta gyaɗa kai, na ga tun daga "mafi yawa" ya gama sauraro. Ni kuwa na tambayi likitan, idan na faɗa cikin kaɗan ɗin nan, ko akwai hanyar komowa. Ya ce babu. Na ce idan na ƙi aikin fa? Ya ce mai yiwuwa jin ya ci gaba da raguwa a hankali ko da ba a taɓa shi ba, mai yiwuwa in sake faɗuwa, mai yiwuwa kuma ciwon ya gaji don kansa bayan wasu shekaru, yana yin haka ga mutane da yawa.

"Ba zan matsa miki ba," in ji shi. "Kunne ɗaya ne, mu ma muna jin nauyinsa. Ku je ku yi shawara."

Yaya Alhaji ya ce shawara ta ƙare, a ba mu rana. Aka ba mu bayan sati uku.

A cikin mu huɗu da ke ɗakin nan, ni kaɗai na san mene ne mataccen kunne, don ina ɗauke da ɗaya. Ba shiru ba ne irin na wurin da ba kowa. Kamar a ce rabin duniya ba a halicce shi ba. Na kuma tuna wata goggonmu a Maradun da ta kurmance da girma. Da farko ana ɗaga mata murya, daga baya aka koma nuni da hannu, daga baya sai a ajiye mata abinci a wuce. Ba don ba a sonta ba, gajiya ce irin ta ɗan Adam. Tana zaune a tsakiyar biki tana bin bakunan mutane da ido tana murmushi a inda ba a yi abin dariya ba. Jiri yakan ɗauke ni yini guda ya dawo da ni. Wannan kuwa idan ya ɗauke ni ba zai dawo da ni ba. Ga Luba tana haɗa kalmomi sababbi kullum. Na yi istihara, na kwana bakwai ina juya abin, zuciyata ba ta matsa daga inda ta tsaya ba. Amma ta yaya zan dubi mutumin da ya zame mini uba, wanda ya yi kuka a kan hannuna, in ce masa ba na son alherinsa? A gidanmu ƙanwa ba ta yin haka. Kuma na san shi. Da na ce a'a, da ya tara dangi a kaina, da lallashi da nasiha, har sai na ce to.

Gida cike yake da masu dubiya, ba wurin magana. Wata la'asar mahaifinku ya ce in zo in ga albasarsa, iska za ta yi mini amfani. Ya ɗauke ni a babur a hankali har gona. Ya shimfiɗa mini buhu nesa da bakin kanal ɗin ban-ruwa, ya zauna tsakanina da ruwan. Ya ce tun dawowarmu daga Kano ba na cin abinci, in faɗa masa abin da ke raina. Na faɗa masa duka. Ya daɗe yana tsinke ciyawa. Sannan ya tambaye ni ko na san ina iya sake faɗuwa, wataƙila a wurin da ya fi wancan muni. Na ce na sani. Ya ce shi kansa, da za a bi ta tasa, da an yi aikin, don tun ranar da na ƙone ba ya iya tsayawa a gona hankali kwance.

"Amma kunnenki na, ba nawa ba," ya ce. "In kin yarda ki bar wuta, ki bar duro, ni na yarda a bar wuƙa."

Na ce na yarda. Na ce to Yaya Alhaji fa?

"Ki bar min Alhaji. Ke ba ki iya ce mai a'a, ni ina iyawa. In ya yi hushi da ni, suruki na, ya huce. In ya yi hushi da ke, ba ki da wani uba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya Alhaji ya zo don a tsara tafiya. Suka zauna a zaure, da Magaji. Ina bayan ƙofa na manna kunnen hagu a jikin katako. Mahaifinku ya yi godiya mai tsawo, ya yi addu'a, sannan ya ce ya yi tunani, bai lamunta a yi aikin ba. Yaya Alhaji ya nemi dalili. Ya ce shi dai bai lamunta ba. Yaya Alhaji ya tambaye shi ko wani ya ce ya kawo ko sisi. Ya ce ba a ce ba. Ya tambaye shi ko sai ta faɗa rijiya zai lamunta. Ya yi shiru. Mahaifinku ba ya iya ƙarya, shi ya sa ya kasa ƙirƙiro dalili, shirun nan kuwa shi ya yi kama da girman kai. Sai Yaya Alhaji ya sa aka kira ni. Na shigo na durƙusa.

"Ke mi kinka ce?"

Ga ƙofa a buɗe, kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya. Na dubi ƙasa na ce, "Abin da maigida yac ce."

Yaya Alhaji ya tashi ya sa takalmansa bai sha ruwan da aka kawo masa ba. Magaji bai taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinsa ba, ranar ma bai ɗaga ba. A hankali ya faɗa.

"Baba, ni na ɗauke ta ran da ta ƙone. In ta sake hwaɗawa wuta, kai za ka ɗauke ta."

Mahaifinku ya ce, "To, na ji."

Na cika alkawari. Na ba Tumba durona uku, aka rushe murhun. Ranar Talata ta farko da na ji motocin kasuwa suna wucewa ba ni da buhu ko ɗaya a cikinsu, na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Girki ya koma hannun 'yan matan gidan, ni ina zaune nesa ina ba da umarni. Mahaifinku ya sa aka yi wa rijiya murfin ƙarfe. Na sake faɗuwa sau biyu, ɗaya a banɗaki na fasa goshi, ɗaya a tsakar gida. Duka biyun shi ya ɗauke ni. Duka biyun kuma labari ya kai Maradun, ya kai ga Magaji, ya ƙara wa maganar nauyi. Yaya Alhaji ya yi shekara uku bai tako gidan nan ba, sai dai ya aiko mota ta ɗauke ni in je in gaishe shi. Magaji ya gama karatu ya nemi aiki a nesa alhali yana iya samu a kusa. Bai taɓa yanke zumunci ba, bai taɓa fasa aike ba. Amma gaisuwar da a ƙasar nan ake jan ta har a tambayi gajiya da iyali da gona da ruwa, tasa da mahaifinsa ta koma kalma uku. Ku ƙannensa kuka ɗauka daga gare shi.

A shekara ta huɗu jirin ya fara nisanta, a ta biyar ya tafi, sai ɗan tangaɗi da ya bar mini idan na juya da sauri. Jin kuwa ya ci gaba da zubewa kaɗan-kaɗan har ya tsaya a wajen rabi, aka ba ni wannan na'ura da nake maƙalawa. Da ita na ji saukar karatun Luba, na ji kukan jikokina tun daga na fari. Kada ku ɗauka ina cewa na yi daidai. A layin asibiti na haɗu da wata mata daga Garbadu mai irin ciwona, aka yi mata aikin da na ƙi, ta warke cikin wata biyu, jinta bai taɓu ba, tana sana'arta har yau. Na tambayi dattijon likitan nan ko da na yarda da ni ma haka zan zama. Ya ce bai sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani bai faɗi gaskiya ba. Wataƙila na jefar da shekara biyar da sana'ata a banza. Wataƙila na tsira da abin da ba ya sayuwa. Wannan na bar wa Allah, ba ya hana ni barci. Abin da ke damuna shi ne shirun da na yi bayan nan. Da farko ina tsoron Yaya Alhaji. Da ya rasu, Allah Ya jiƙansa, sai na koma tsoron ku. Duk shekara maganar tana ƙara nauyin ɗagawa, shi kuma mahaifinku bai taɓa tuna mini ba ko da wasa.

Da ciwon ajali ya kama shi ya ce a mai da shi gidansu na Birnin Tudu, can ƙasar Bakura, ɗakin da aka haife shi. Na bi shi. Magaji yana zuwa duk Asabar da magunguna, ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya ɗaga shi ya juya shi, duk abin da ɗa ke yi ya yi, fuska a ɗaure, idonsa a cikin na mahaifinsa kamar mai jiran amsar maganar da ya yi masa a zaure tun shekara goma sha shida. Wata Asabar da hantsi, bayan ya fita raka likita, na matso kusa na ce wa mahaifinku yau zan faɗa wa Magaji gaskiya, na gaji. Ya kama gefen mayafina. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai da na kai kunnena bakinsa.

"Bari sai na tahi. In kinka hwaɗa mai yanzu, kunya za ta hana shi dubana. Ni kau ina son shi riƙa dubana, ko da hushi na."

Na bari. Bayan kwana tara ya cika. Magaji ne ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Shekara biyu ke nan, kuma sai yau na iya. Ku yi masa addu'a, ku yafe mini idan kuna iyawa. Kai kuma Magaji, idan ka kai ƙarshen wannan shafi, kada ka sunkuyar da kai. Mahaifinka bai so haka ba.